Tsofaffin injina biyu a warsha ɗaya: me za a fara taɓawa?

Wa alaikumus salam, ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce kai da kawunka kun sayi injinan fere ƙarfe guda biyu, makhraɗa kamar yadda muke cewa a nan, daga wata warsha da aka rufe a Sina'iyyar Jidda, unguwar masu sana'ar ƙarfe da gyara. Ɗaya ta hannu ce, Colchester Triumph 2000, ɗayar mai kwamfuta ce da ke ɗauke da kwantirola, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, samfurin Fanuc 0-T. Ta hannun tana juyawa, amma duk sandar da ka fere sai ta fito da ƙiba a gefe guda, ga karkarwa da ke barin zane a jikin aiki. Mai kwamfutar kuwa allonta na kawowa, BAT na ƙyaftawa a ƙasa, alam 401, wato lambar gargaɗin matsala, ya ƙi gushewa. Wani mai gyara ya ce bodin lantarki ne ya ƙone, a kwashe komai a sa sabon kwantirola. Wani kuma ya ce ta hannun sai an kai gadonta an wasa. Kana tambaya maganar wa za ka ɗauka.

Kada ka ɗauki ta kowa tukuna. Ban ce ba su san aiki ba, amma cikin duk abin da ka rubuto ban ga inda ɗayansu ya ɗora mitar auna wuta ko agogon awo mai allura ba. Hukuncin da aka yanke wa inji ba tare da awo ba, hasashe ne, kuma kai ne za ka biya kuɗin hasashen. Sama da shekara 30 ina wannan sana'a, injinan da na ga sun mutu a hannun masu kwancewa sun fi waɗanda tsufa ya kashe.

Ka fara da mai kwamfutar, yau ba gobe ba, domin ita ce ke bakin rami. Wannan BAT da kake gani albishir ne da gargaɗi a haɗe. Albishir, domin da alama ƙwaƙwalwar injin ba ta goge ba. Gargaɗi, domin batirin da ke riƙe da ita ya kusa ƙarewa. Jerin Fanuc 0 ya fito ne a 1985, kuma a irinsa duk saitin injin, wato faramita, yana zaune ne a ma'ajiyar da ba ta riƙe komai sai da wuta. Idan an kashe inji, batir 3 manya irin na tocila ne ke ciyar da ita. Ranar da suka mutu, injin ya manta kansa: bai san tsawon tafiyarsa ba, bai san irin moton da ke jikinsa ba, bai san yadda zai juya kan alƙaluma, wato ƙarafan yanka, ba.

Saboda haka ka sayo sababbin batir na alkalin masu kyau, ka kunna injin, ka bar allon a kunne, sannan ka canza su. A kunne, ɗana. Wannan ita ce ƙa'idar da ta saɓa wa duk abin da aka koya maka game da lantarki, shi ya sa mutane ke faɗawa. Ka kula kawai hannunka ya tsaya a kan akwatin batirin, kada ya yi yawo cikin kabad ɗin lantarkin injin. Idan ka ga wani akwatin daban mai batir 4, wannan na inkoda ne, mai tuna wa injin inda yake tsaye. Shi ma haka za ka yi masa.

Na taɓa ganin abin da ido. Wani yaro a warshar da nake aiki, mai ƙoƙari ƙwarai, ya ga BAT ran Alhamis da yamma. Ya kashe inji kamar yadda hankali ke bayarwa, ya zare batiran, ya tafi saye, ya tarar an rufe kanti. Ya ce bari sai Asabar. Da muka kunna ran Asabar, allo ya cika da alam, faramita duk sun koma sifili. Babu takarda, babu kwafi, masu ƙera jikin injin kuma sun daɗe da nade tabarmarsu. Wata 3 injin nan na zaune muna neman ɗan'uwansa, har Allah ya haɗa mu da wani mai irinsa a Dammam, ya yarda muka kwafa. Na zauna a kan bokiti a gaban allon ina danna lambobi ɗaya bayan ɗaya, yaron na karanto mini da murya tana rawa. Ko da muka gama sai da muka shafe mako muna daidaita abin da ya bambanta tsakanin injinan biyu. Ban taɓa ganin laifinsa ba, domin babu wanda ya gaya masa. Kai ga shi an gaya maka.

Da ka canza batir, abu na gaba kwafi. Ka duba bayan ƙofar kabad da aljihun da ke jikinta, sau da yawa akan tarar da takardar faramita ta asali a ninke, ta yi ja don tsufa. In ka same ta, ka ɗauki hotonta, ka adana ta kamar takardar gida. Amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin an yi ta canje-canje bayan an buga ta. Ka ɗauki wayarka ka bi allon shafi-shafi: faramita duka, har da na 900 zuwa sama, waɗanda ke buɗe ayyukan da aka saya wa injin tun daga masana'anta, kuma sau da yawa ba sa fita idan an tura kwafi ta hanyar da aka saba. Sannan shafukan DGNOS, musamman daga 300 zuwa sama, inda saitin lokuta da ƙirge-ƙirge na injin ke zaune. Sannan awon alƙaluma, da duk shirin da lambarsa ta fara da 8000 ko 9000, domin a ciki masu ƙera inji kan ɓoye ayyukansu. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, da shayi a gefe. Daga baya ka nemi wayar RS-232 da tsohuwar kwamfuta ka tura kwafin, kuma ka haɗa wayar ne alhali duka biyun suna kashe, don bakin nan saurin ƙonewa gare shi.

Abu biyu na hana ka kafin ka gama kwafi. Kada ka bar kowa ya zare bodin ma'ajiya da sunan gogewa. Kuma kada ka bar kowa ya kunna injin yana danne da RESET da DELETE tare. Akwai masu yin haka suna cewa wanke ƙwaƙwalwa ne. Lallai wankewa ce, tas, ba ta barin komai.

To, alam 401. Ma'anarsa a taƙaice: kwantirola ya ce wa akwatunan da ke tura moton sarbo, wato masu motsa keken da ke ɗauke da alƙalami, su tashi, bai ji sun amsa ba. Bai ce sun ƙone ba, cewa ya yi ba su amsa ba. Mutum kan ƙi amsa sallama don ya rasu, yakan kuma ƙi amsawa don ba ya gida. Ka saki maɓallin gaggawa ka kasa kunne a bakin kabad. Ya kamata ka ji babban kwantakta, wato makunnin da ke haɗa wuta da kansa, ya ce ƙwas ya kama. In bai motsa ba, ko ya kama ya saki nan take, ka samu bakin zaren. Tsofaffin akwatunan nan suna buƙatar folt 100 daban don jan kwantaktan, kuma fiyus ɗaya ko sako-sakon waya ya isa ya hana shi zuwa. Ka duba ƙaramin birekan da ke jikin kowane akwati, don jijjigar mota lokacin ɗauko inji takan sauke shi. Ka duba ƙananan fitilun da ke kan bodin akwatin: HV na nufin wuta ta yi yawa, LV ta yi kaɗan, HC kuwa jan wuta ya wuce kima, wanda ke nuna gajeriyar haɗuwa a waya ko moto ko cikin akwatin kansa. Sai ka ga HC ya nace bayan an raba wayar moto, sannan maganar mai gyaran nan ta fara samun gindin zama. Ko a nan ma akwati ɗaya ake gyarawa, ba a rushe gida don ƙofa ta lalace.

Ka yi hattara da ranka. Bayan an kashe inji, manyan kafasita na riƙe wutar da ta kai folt 300, kuma ba ta sauka nan da nan. Ka jira jar fitilar ta mutu, ka auna da mita, sannan ka sa hannu. In ba ka saba aiki cikin kabad mai wuta ba, ka kira wanda ya saba, kai ka tsaya kana gaya masa abin da za a auna.

Amma zargina ya fi karkata ga wutar da kuka ba injin, kuma wannan ya shafi injinan biyu. Ƙasar nan wutarta iri-iri ce. Akwai tsofaffin gine-gine masu folt 127 da 220, akwai masu 220 da 380, sannan tun 2010 aka yanke shawarar komawa 230 da 400. Akwatunan Fanuc na wancan zamani folt 200 zuwa 230 suke so a layi uku, taransifoma ce ke sauko musu da ita. Taransifomar na da bakuna da yawa, kowanne da lambarsa. Idan a tsohuwar warsha an ɗaura ta a bakin da ya dace da wutar can, ku kuma taku daban ce, to ga 401 ɗinka nan, babu abin da ya ƙone. Ka auna tsakanin kowane layi biyu a shiga, ka auna a fita, ka rubuta. Ka tabbata akwai wayar ƙasa ta gaskiya, ba wadda aka ɗaure a bututun ruwa ba, kuma ka raba injin da layin da na'urar walda ke sha.

Sai kuma abin da masu sayen injinan Turai ke mantawa. Wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Ingila da Sudan da Nijeriya sau 50. Ka karanta farantin da ke jikin moton Colchester ɗinka. In an rubuta 50 Hz, to moton da aka yi don ya juya kusan sau 1,440 a minti yana juyawa wajen 1,730 a nan. Kashi 20 cikin 100 ke nan aka ƙara a kan kowace lamba da ke allon gudu. Ka sa hannun giya a 2,000, sandar juyi, wato wadda ke juya aiki, na yin 2,400. Babban cok, wato mariƙin aiki mai haƙora, na zubin ƙarfe yana da iyakar gudun da aka rubuta a fuskarsa, kuma wuce ta ba abin wasa ba ne. Zaren sukuru da kake yankawa ba ya lalacewa da wannan, domin sandar zare da giya take haɗe da sandar juyi, tare suke sauri. Amma alƙalami zai riƙa ƙonewa da wuri, karkarwa za ta ƙaru, moton kuma ƙarfin murɗawarsa zai ɗan ragu tunda folt ɗin bai hau tare da gudun ba. Ka sauka mataki ɗaya a giya ka gani, wataƙila rabin karkarwar nan ta tafi.

Yanzu ta hannun. Triumph 2000 inji ne na kirki, a ƙarshen shekarun 1960 aka fara yin sa a Ingila, gudu 16 gare shi daga 25 zuwa 2,000, gadonsa kuma an ƙona shi ya yi tauri. Irin wannan gado ba ya cinyewa da sauƙi, shi ya sa ban yarda da maganar wasawa ba sai na ga lamba.

Kafin komai, mai. Akwai ɗan gilashi a kan injin inda ake ganin mai na gudana idan moto na aiki. In ba ka ga yana gudana ba, kashe. Boris ɗin sandar juyi na wannan inji na kamfanin Gamet ne, masu tsada da wuyar samu, kuma minti kaɗan ba mai ya isa ya raunata su. Ka zubar da tsohon man, ka wanke tanki da matata, ka zuba wanda farantin injin ya ambata. Galibi mai ne mara kauri irin na haidirolik mai lamba 32 a cikin kan injin, wato akwatin da sandar juyi ke ciki, da man gado mai lamba 68 a kan hanyoyin da keken alƙalami ke bi. Baƙin man mota ba nasa ba ne. Giris kuma a ramukan mai toshe su yake yi, ya haɗu da ƙurar garin nan ya zama abin wasa wuƙa a ƙarƙashin keke. Ka kwance ƙyallayen sharar gado da ke gefen keken ka canza su, kuɗinsu bai kai na abincin rana ba.

Ƙibar gefe guda, abin da mu'allimai a nan ke cewa aiki ya fito maslub, mafi yawan lokaci daga ƙasa take tasowa. Kun sauke inji daga mota, kun ajiye shi a kan siminti, kun ɗaure. Gadon makhraɗa, duk kaurinsa, yana murɗewa kamar tabarmar da aka ja kusurwarta ɗaya. Mu'allimin da ya koya mini aiki ba ya barin a yi yanka ko ɗaya a injin da aka motsa sai ya zo da mizaninsa a naɗe cikin tsumma. Yakan ɗora shi a gicciye kusa da cok, ya tsuguna ya jira kumfar ta natsu, ya kai shi can ƙarshen gado ya sake tsugunawa. Ba mizanin magina ba, na injina, wanda layi ɗaya a jikinsa ke nuna milimita 0.02 a kowace mita. Abin da ake nema kumfar ta tsaya wuri ɗaya a gefen biyu. In ba ku da shi, ku ara.

Bayan mizani sai gwajin wuya biyu, wanda shi ne alƙali. Ka kama sanda mai kaurin milimita 50 a cok, ta fito kamar milimita 150 zuwa 200, ba tare da ka tokare ta da gurabin baya, wato matokarin da ke ƙarshen gado, ba. Ka rage tsakiyarta, ka bar wuya ɗaya kusa da cok, ɗaya a ƙarshe. Da alƙalami mai kaifi sosai ka yi yanka ɗan siriri a kan wuyan biyu ba tare da ka taɓa hannun shiga ba, ka auna da maikiromita. In wuyan ƙarshe ya fi ƙiba, ka ɗan ɗaga ƙafar gaba ta ɓangaren gurabi. In ya fi siranta, ta baya. Kaɗan-kaɗan, kana sake yanka kana aunawa. Na sha ganin bambancin milimita 0.1 ya sauko zuwa 0.01 da sifana kaɗai. Ka bar injin ya kwana biyu ka sake gwadawa, don ƙarfe na ɗaukar lokaci kafin ya zauna. Idan kuwa aikin da ke cok kaɗai yana fitowa daidai, sai an tokare shi da gurabi yake karkacewa, to gurabin ne ya goce gefe, kuma yana da sukurorinsa na dawo da shi tsakiya. Kusoshin kan injin su ne na ƙarshen taɓawa, ba na farko ba.

Cinyewar gado kuwa ga yadda za ka gane ta ba tare da kayan awo ba. Ka kawo keke kusa da cok, ka ɗan matse maƙullinsa har ya fara jan ƙafa, sannan ka tura shi baya. In ya tafi kamu ɗaya ko biyu ya cije, gaban ya ci, domin nan ne aka shekara ana aiki. Kusan kowane tsohon inji yana da wannan. Abin tambaya shi ne ko ya dami aikinku. Idan alƙalami ya sauka ƙasa da milimita 0.1 a kan sanda mai kaurin 50, abin da kaurin zai canza bai kai 0.001 ba. Wanda ke ɓata aiki shi ne idan hanyar gaba ta fi ta baya cinyewa, keken ya kishingiɗa ya ja alƙalami baya. Ku da ka ce aikinku sandunan famfon ruwa ne da bushin manyan motoci da kayan injin kwaɓa burodi, gajerun ayyuka ne galibi, kuma mai hannu yakan san injinsa ya rama masa. Wasa gado ba ya tsayawa a gado: sai an cike ƙarƙashin keke, an kankare shi da hannu ana shafa shuɗi ana dubawa, an dawo da tsayin akwatin da ke gaban keke don sandunan da ke ratsa shi su yi layi. Aikin makonni ne, kuma in an yi rabinsa injin ya fi da lalacewa.

Karkarwa kuma ka bi ta daga waje zuwa ciki. Alƙalami a tsakiya yake? Ya yi tsawo da yawa daga mariƙinsa? Ƙarafan matsi na keken gicciye da na sama sun saki? Haƙoran cok sun buɗe baki, suna kama aiki da gindi kawai? Bel ɗin moto sun bushe, ɗaya ya fi sauran tsawo? Sai duk waɗannan sun fita, sannan ka ɗora agogon awo a hancin sandar juyi, ba a jikin cok ba. Ka juya da hannu, allurar kada ta wuce kamar 0.01. Cok mai haƙora 3 da ya tsufa yakan yi rawar 0.05 ko fiye, wannan ba laifin sandar ba ne. Kuma kada ka matse notin boris don kawai ka ji an ce ana matsewa. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Wani abu game da Jidda kanta. Iskar Bahar Maliya da gishirinta da laimarta ba sa barin ƙarfe tsirara. Kowace yamma a share gado a shafa mai, ran Alhamis kuma a ƙara a rufe. A kabad ɗin mai kwamfutar za ka ga bakunan wayoyi sun yi kore, ka fesa musu maganin goge bakin waya bayan ka gama kwafi. Idan zafi ya taso alam 700 zai fito, wato kwantirola ya ɗau zafi, kuma abin da kowa ke yi shi ne ya wangale ƙofa ya kafa fanka. Wannan ƙura da tururin mai yake turawa kan bodi. Ka canza ƙananan fankokin ciki, ka wanke matata, ka gyara robar ƙofa, in da hali a sa wa kabad ɗin na'urar sanyaya tasa. Ka leƙa ƙasan kabad da tocila, injin da ya daɗe a ajiye ɓera ya riga ku shiga.

Ban haramta sabon kwantirola ba. Akwai ranar da ya dace: idan ƙarfen injin lafiyayye ne, lantarkin kuma ya zama yau gyara gobe gyara. Amma ba za ka san lafiyar ƙarfen ba sai injin ya motsa. In 401 ya tafi, ka fara tabbatar da famfon man gado na kai mai kowane lungu, ka sassauta bututun ƙarshe ka ga ɗigo. Sannan ka ɗora agogo, ka tura keke gaba da milimita 0.01 sau goma, ka juyo baya, ka ƙirga nawa ya ɓace kafin allura ta motsa. Wannan shi ne wasan sukurun da ke tura keke. Wasa kaɗan ana rama shi a faramita, daga 535 a irin naka. Wasa mai yawa kuwa ka fara duba boris ɗin da ke riƙe ƙarshen sukurun kafin ka zargi sukurun kansa, don sau da yawa su ne, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Sa sabuwar ƙwaƙwalwa a kan sukurun da ya ci, kuɗi ne za ku zuba ku dawo inda kuke.

Ka turo mini hoton farantin moton Colchester, da awon wutar layukan uku a shiga da fitar taransifoma, da fitilar da ke kunne a kowane akwatin sarbo, da lambobin wuya biyu kafin mizani da bayansa. In Allah ya kai mu Asabar bayan la'asar zan biyo ta wajenku da mizanina. Ka gaishe mini da kawun naka, ka ce masa batiran nan a saye su yau kafin a rufe kanti.